Hujin Kwano: Ƙaramin Aiki Mai Cin Yatsu

Yanzu da ruwa ya ɗauke, amfani ya shiga gida, lokaci ya yi da manomi kan koma kan 'yan gyare-gyare. Wannan zai sāke rufin rumbu, wancan zai yi wa kaji akurki, masu lambu kuma suna ta neman butar ban ruwa saboda irin tumatir da albasa. Kusan duk ayyukan nan sai an taɓa kwano, in kuwa an taɓa kwano sai an huda shi. Shi ya sa wannan mako muka ajiye zancen taki da iri, muka ɗauko zancen huji.

Na san wani zai yi dariya ya ce, huda kwano har wani abu ne da za a ɓata takarda a kansa? To, bari ku ji abin da ya kawo maganar.

Kwanan baya na bi hanyar Panshekara zuwa Challawa neman duro. Wanda bai san wurin ba, ita ce unguwar masana'antun nan da ke ƙasar Kumbotso, kusa da kogin Challawa, inda a ke jawo wa Kano ruwan famfo tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Bompai ce ta fara tara masana'antu a Kano, sa'an nan Sharaɗa da Challawa suka biyo baya, ita Challawa kuwa an fi saninta da gidajen jima. A gefen manyan gidajen nan akwai 'yan rumfuna na masu walda, da masu ƙirar gwangwani, da 'yan gwangwan. Wurinsu manoman bakin kogi ke zuwa sayen ragowar kwano da tsofaffin durorin da masana'antu suka gama da su.

A wata rumfa na tarar da wani saurayi zaune, an naɗe masa hannun hagu da tsumma, jini ya jiƙa shi sharkaf. Na ce, "Sannu samari, me ya same ka haka?" Maigidansa ne ya ba ni amsa, wani dattijo mai furfura. Ashe wani ɗan guntun kwano ne, bai fi tafin hannu ba, yaron zai huda domin a yi bakin butar lambu. Ya danne shi da hannun hagu a kan benci, ya kama injin huji da dama. Mahujin na ɓullawa sai ya cafke kwanon, kwanon ya juya tare da shi kamar farfela, kafin yaron ya janye hannu ya yanke shi a gindin babban yatsa. Na ce, "Baba, ai na zaci ƙarfe mai kauri ne abin tsoro." Dattijon ya girgiza kai, ya ce shi tun tasowarsa mai kauri bai taɓa fitar masa da jini ba, duk tabon da ke hannunsa na siririn ne.

Maganar dattijon nan gaskiya ce, kuma tana da dalili.

Abin da ke sa ya cafke

Ku ɗauki mahujin inji ku dube shi da kyau. Jikinsa a murɗe ya ke kamar igiya, bakinsa kuma yana da tsini mai gangara. Wani Ba'amurke ne mai suna Stephen Morse ya yi rajistar irin wannan mahuji a shekarar 1863, kuma don ƙarfe mai kauri ya dace. In ya shiga ƙarfe mai kauri, tsinin kan nutse duka tukuna, sa'an nan jikin ya bi, bangon ramin ya riƙe shi ta kowane gefe, ba shi da wurin kaucewa.

Tsawon tsinin nan ya kan kai wajen kashi ɗaya cikin uku na kaurin mahujin. Watau mahuji mai kaurin milimita 10 tsininsa wajen milimita 3 ne. Kwanon rufin da mu ke saye a kasuwa kuwa yawancinsa bai kai rabin milimita ba. Kun ga ke nan tsini ya riga ya leƙa ta ɗaya gefen tun kafaɗun mahujin ba su taɓa kwano ba. Babu bangon da zai riƙe shi. Sai ya yi ta rawa cikin ramin, shi ya sa ku ke ganin huji ya fito da kusurwa uku maimakon ya zagaye. Da kafaɗun sun iso, ba yanka za su yi ba, sai su saƙale a leɓen kwanon, murɗin jikin kuma ya ja shi sama kamar yadda noti ke hawa ƙusarsa. A nan ɗayan biyu ne. Ko dai kwanon ya juya, gefensa kuwa aska ce, ko kuwa in kwanon babba ne ba ya juyuwa, injin ya fizge ya murɗe wa mutum wuyan hannu. Duk wannan ba ya ɗaukar ƙiftawar ido, ba wanda ya isa ya riga shi.

Saboda haka abu na fari, wanda in an kiyaye shi an gama rabin aikin: kada a riƙe kwano da hannu sa'ad da a ke huda shi da inji. Kada kuma a taka shi da ƙafa, balle a kira yaro a ce zo ka danne mini. Ƙaramin guntu ya fi babban falle mugunta, gama shi ba shi da nauyin da zai hana shi juyawa.

Katako a ƙasa, katako a bisa

A sami falanki mai lafiya a shimfiɗa kwanon a kai. Amfanin falankin biyu ne: yana hana kwanon lotsawa, kuma da tsini ya ɓulla sai ya shiga katako, katakon ya zama shi ne bangon da ke riƙe mahujin. Sa'an nan a ɗaure kwanon da falankin a jikin benci da ƙarfen matsi irin na kafintoci, guda biyu in da hali, domin in guda ne kwanon na iya juyawa a kansa. Wanda ba shi da ƙarfen matsi, kada ya ce ai shi ke nan. Ya kafa ƙusoshi biyu ko uku a jikin falankin daf da gefen kwanon ya lanƙwaso kawunansu a kai, ko ya gitta wani katako a bisa ya buga shi. Ya kuma kafa wata ƙusa mai ƙarfi ta gefen da kwanon zai bi in ya juya, ta zama turke. Inji yana juyawa ne ta dama, yadda hannun agogo ke tafiya.

In ana son huji mai kyau ƙwarai, sai a sa kwanon tsakanin katako biyu a matse, a huda su gaba ɗaya. Mahujin zai ɗauka abu guda ne mai kauri, ya wuce sumul, ba cafka, ba tsage. Ni dai ban ga dabarar da ta fi wannan ba, ga ta kuma ba ta cin ko kwabo. Haka nan in fallaye da yawa ne za a yi wa huji iri ɗaya, a jera su a matse su a huda lokaci guda.

Kafin a kunna inji a yi wa wurin shaida. Kwano yana da santsi, in an ɗora mahuji haka kawai sai ya zame ya yi ta yawo yana karce. A sami ƙusa mai kauri a wasa mata tsini, a ɗora a kan shaidar, a buga da guduma sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ɗan gurbi a ke so wanda tsini zai zauna a ciki, ba rami ba. Sai a fara da siririn mahuji, kamar mai milimita 3, kana a bi da wanda ya fi shi.

Wajen gudu kuma, siririn mahuji na son sauri, mai kauri na son a hankali. Kada a hau kan inji da nauyin jiki. A bar bakin ya ci da kansa, da an ji ya kusa ɓullawa a sassauta hannu, don daidai nan ne ya ke cafka. In mutum ya ga sai ya danna da ƙarfi kafin ya ci, to mahujin ya dakushe, a wasa shi ko a sāke wani. Dakusasshen mahuji ya fi mai kaifi haɗari. In bakinsa ya koma shuɗi, ya ƙone ke nan saboda gudu ya yi yawa. Ɗigon baƙin mai na sanyaya shi, in alminiyam ne kananzir ya fi, amma abin da abinci zai taɓa, kamar rariya, a ɗiga masa man gyaɗa.

Akwai wani mahuji da aka yi musamman domin kwano, ana samunsa wurin masu sayar da kayan aiki a Sabon Gari da Ƙofar Ruwa. Siffarsa kamar tulluwa, hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da lambar faɗinsa a rubuce. Ba shi da murɗin nan mai ja, saboda haka ba ya cika cafka, kowane hawa yana ƙara buɗa ramin kaɗan, mai bi masa kuma ya share bakin. Ya fi na kullum tsada, amma guda ɗaya na yin aikin mahuji wajen goma. Duk mai son hujin da ya wuce kaurin fensir a jikin kwano, shawarata ya nemi wannan. Sai dai ko da shi ma a ɗaure kwanon.

Ƙusa ma ba ta tsufa ba

Kada masu karatu su zaci sai mai inji ke huda kwano. Tun zamanin garwar kananzir iyayenmu da ƙusa da guduma su ke yi, har gobe kuma akwai aikin da ƙusa ta fi inji. Bambancinsu shi ne inji yana cire ƙarfen ya fitar, ƙusa kuwa tura shi ta ke yi ta ɗaya gefen, ya tsage ya yi ƙaya. Mai yin magogin rogo ƙayar nan ya ke nema, ita ce haƙoran magogin. Shi inji ba zai yi masa amfani ba.

Bakin butar lambu kuwa ƙananan huji ya ke so, kamar milimita guda, masu yawa, domin ruwa ya sauka kamar yayyafi. In hujin ya yi faɗi ruwan zai tone irin albasa ya kwantar da tsiron tumatir. A nan siririyar ƙusa ta isa, a buga daga ciki zuwa waje, yadda ƙayar za ta bi hanyar ruwa, a kan katako mai taushi. Da saurayin can na Challawa ya yi haka, da yanzu yana bakin aikinsa. In za a yi da ƙusa a riƙe ta da filaya, yatsa ya huta da guduma.

Amma mazubin abincin kaji, da rariyar da mata za su riƙa sa hannu a ciki, da marfin rumbu, lalle a kashe musu ƙaya. A goge da magagari, ko a ɗauki mahuji babba a murza a bakin ramin da hannu sau biyu, sai ƙayar ta faɗi. Kada a gwada da yatsa wai a ji ko ta fita.

Na rufi gajere ne. A yi huji a kan tudun kwano, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, in ba haka ba damina na zuwa hatsi zai sha ruwa. In da hali a huda a ƙasa kafin a hau da shi. Wanda ya hau ya taka daidai layin katako. Kada a ɗaga falle ranar da iskar hunturu ke kaɗawa, a kuma duba sama ko akwai wayar lantarki. In an gama a share garin ƙarfen daga kan rufin, don in ya kwana ya sha raɓa sai ya yi tsatsa ya fara cin tutiyar da aka shafe kwanon da ita.

Duro

Nan ne na ke so a saurara da kyau, gama kwano yatsa ya ke ci, duro kuwa rai.

Manomi kan sayi duro ya ce zai huda gindinsa ya sa famfo, ko ya yanka shi biyu ya yi wa dabbobi kwamin sha. In duron ya taɓa ɗaukar fetur, ko sinadarin tsinka fenti, ko wani abu mai kama wuta, to wanda a ke cewa ba kome a ciki ya fi cikakke haɗari. Ruwan ya ƙare, amma tururinsa na nan ya gauraya da iska, yana jiran tartsatsi guda. Zafin mahuji ko ƙyastun da ke cikin injin kansa ya isa. Ba kamawa da wuta ya ke yi ba, fashewa ya ke yi, marfin ya tashi da duk abin da ke gabansa. Ɗauraya sau ɗaya da ruwan sanyi ba ta fitar da shi, shekara guda a rana ma ba tabbas, muddin bakinsa a rufe ya ke. Masu aikin su kan buɗe bakunan duka, su wanke da ruwan zafi da garin sabulu, sa'an nan su cika shi da ruwa har kusa da inda za a huda, yadda tururi ba shi da wurin zama. Tun da ruwa ya shigo zancen kuma, ba a kawo injin da ke jone da lantarki, sai na batir ko na hannu.

A Challawa akwai ƙarin abin lura. Gidajen jima suna aiki da gishirin kurom, da ruwan asid, da wani sinadari mai zubar da gashin fata, wanda in ya haɗu da asid ya kan fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, mai kisa in ta yi yawa. Mazubin da ya ɗauki irin waɗannan, na ƙarfe ne ko na roba, bai kamata ya koma na ruwan sha ko na hatsi ba, kome wankin da aka yi masa. Haka na maganin ƙwari. Ku 'yan kasuwa masu sayar da duro, ku bar takardar da ke jikinsa, kada ku kankare. Ku kuma malamai da akawuna, in ɗan'uwa ya zo daga ƙauye ku karanta masa abin da aka rubuta. Wanda bai iya karatu ba ma ya iya gane hoton harshen wuta, da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye. Duron da ba a san abin da ya ɗauka ba, a bar wa mai shi kayansa, kome arharsa.

Af, wanda ya sayi duro mai tsabta domin ajiyar wake, shi kada ya huda shi ko kaɗan. Rashin iska ne ke kashe ƙwarin wake a ciki. Huji guda kamar na allura ya ɓata dabarar.

Sutura, ido da dabbobi

Mu mutanen babbar riga ne, inji kuwa ba ya son abin da ke reto. A tuɓe riga mai faɗin hannu, a soke jelar rawani, a cire zobe da agogo. Safar hannu tana da kyau wajen ɗaukar kwano, amma a cire ta kafin a kunna inji, musamman babban nan na tsaye da ke rumfunan walda. In mahuji ya kama safa, da hannun zai tafi. A tuna a zare ɗan makullin da a ke ɗaure mahuji da shi kafin a kunna, in ba haka ba ya tashi kamar dutsen majajjawa. In za a sāke mahuji a zare waya daga wuta tukuna, gama wutar tamu ba ta sallama in za ta dawo. Wayar da ta sale a naɗe ta ko a sāke, kada kuma a tsaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba takalmi.

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, a nan kuwa ba misali ba ne, zahiri ne. Garin ƙarfe kan yi tsalle, mai hura shi da baki kuma shi ya gayyato shi. A sa tabarau na aiki, kuɗinsa bai kai na zuwa asibiti sau ɗaya ba. In ya shiga ido kada a murza, kada kuma a bari wani ya sa tsinke ko harshe. A zuba ruwa mai tsabta da yawa, in bai fita ba a rufe idon a nufi asibitin ido ran nan, ba gobe ba, domin ƙarfe na fara tsatsa a kan ƙwayar ido cikin 'yan sa'o'i.

In yanka ne, a danne da tsumma mai tsabta a ɗaga hannun sama har jini ya tsaya, a wanke da ruwa da sabulu. Ban da zuba ƙasa, ko toka, ko baƙin mai. Ƙwayar ciwon sarƙe-haƙora cikin ƙasa da kashin dabbobi ta ke zaune, watau daidai inda manomi ke wuni, saboda haka a je a tambayi allurar rigakafinsa. In yatsa ya ƙi lanƙwasuwa ko ya mutu ba ya ji, jijiya ce ta yanke, ɗinkinta kuwa ba ya son jinkiri. Abin da na faɗa wa dattijon can ke nan game da yaronsa, ban bar rumfar ba sai da na ga an ɗora shi a babur.

Saura dabbobi. Saniya ba ta tsince abinci kamar akuya, da harshe ta ke naɗowa ta haɗiye. In guntun kwano ko ƙusa na cikin harawa, ya wuce. Can zai sauka a sashen tumbin nan mai kama da saƙar zuma, wanda ke daf da zuciya, tumbi na motsi yana tura shi har ya huda. Sai a ga sa ya daina ci, ya ƙanƙame baya, yana nishi in zai kwanta, mai shi na ta neman maganin sammore. Likitocin dabbobi har maganaɗisu su kan ɗura wa shanu domin ya kama irin waɗannan tarkace. Kaji ma da sun ga abu na ƙyalli sai su tsattsaga. Don haka kada a yi hujin kwano kusa da turke, ko masussuka, ko inda a ke shanya. A shimfiɗa buhu a ƙarƙashin benci, in an gama a bi wurin da tsintsiya, sa'an nan a bi da maganaɗisun tsohuwar lasifika a cikin leda. In ya kwashe sai a juye ledar, garin ya zauna a ciki, a haɗa da guntayen a ajiye wa 'yan gwangwan.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko yadda a ke haɗa bakin butar da jikinta da dalma, da yadda a ke toshe garwar da ta fara yoyo.